Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Majalisar Dokokin Jihar Kano kan yaran da suke kashe mutane

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma Kakakin Majalisa da sauran wakilanmu su 39, Allah ya taimake ku. Ina fatan wani zai tura wannan rubutu ya isa ga Babbar Jojin Jiha, ranki ya daɗe, da kuma Kwamishinan Shari'a, don maganar ta shafe ku gaba ɗaya, amma ku 'yan majalisa na sa a gaba tunda ku ne kuke rubuta dokar da alƙali zai buɗe ya yi hukunci da ita.

Ni malamin makaranta ne a cikin birni, kuma ina cikin kwamitin tsaron unguwarmu, irin kwamitin nan da muke bi gida gida muna tara kuɗin 'yan sintiri. Ba lauya ba ne ni, in kun ga ban jero sashe kaza ƙaramin sashe kaza ba ku yi haƙuri. Abin da ya sa na zauna buga wannan dogon rubutu a waya shi ne maganar yaran nan da ba su kai 18 ba amma sun riga sun ɗauki rai. Ɗan shekara 15 ko 16 ya tare mutum da magariba ya ce kawo wayarka, mutum ya ɗan yi gardama, ya luma masa wuƙa a wuya ko a cinya, kafin a kai shi asibitin Murtala jini ya ƙare. Ko a faɗan daba tsakanin layi da layi ya sare ɗan wani da ɗanbida. An kama shi, ga makami ga shaidu, wani lokacin ma shi da bakinsa yake faɗa a bidiyo. To daga nan fa? A ina zai zauna, shekara nawa, kuma me iyalan mamaci za su samu?

Duk mai bin shafin kakakin 'yan sandan Kano a Facebook ya san abin da ake rubutawa a ƙasan hotunan yaran nan. Wasu su ce a kashe su kawai a huta, a kai su filin idi kowa ya gani. Wasu su ce ai yara ne, talauci ne, a yi musu nasiha a koya musu sana'a. Tsakani da Allah na fi gane zafin masu cewa a kashe ɗin, duk wanda ya taɓa zuwa gaisuwar irin wannan mutuwa ba zai zage su ba. Amma ɓangarorin biyu gardama suke a kan abin da ba ya faruwa, don a yanzu haka ba kashe su ake ba, ba kuma gyara su ake ba.

Ga abin da ake yi. In yaro yana da gata ko yana da ubangida a siyasa, tun yana caji ofis ake fara buga waya, kisan kai ya koma wai faɗa ne ya haɗa su, fashi ya koma sata, sai beli, sai ka gan shi bayan ɗan lokaci a bakin layi yana zuƙar sigari yana harar wanda ya kai ƙararsa. Ya faru a unguwarmu, dattijon da ya tsaya shaida sai da ya kwashe iyalinsa ya koma haya a wata unguwar, kuma tun daga nan duk wanda muka ce ya zo ya ba da shaida sai ya ce ku rufa min asiri ina da ƙananan yara. In kuma yaron ba shi da kowa sai a rubuta masa 19 a takardar tuhuma ko da gemu bai fara fito masa ba, a kai shi gaban majistare, majistare ya ce ba shi da hurumin sauraron shari'ar kisa, a aika shi gidan yari a jira shawarar lauyoyin gwamnati, shikenan an manta da shi. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke, ba a yanke musu komai ba. Yaro zai yi shekara huɗu ko biyar ɗaki ɗaya da 'yan fashi da masu garkuwa da mutane, shaidu su watse, ɗan sandan da ya yi binciken a canza masa wurin aiki, wata rana a zo rage cunkoso a sallame shi. Zama da maɗaukin kanwa dai kun san abin da yake kawowa. Ya shiga yana ɗan ƙwacen waya, ya fito ya san inda ake samun bindiga.

Mutane kuma ba makafi ba ne, suna gani. Shi ya sa aka koma kama yaro a yi masa dukan mutuwa a kan titi, a cinna wa adaidaitar da suka zo a ciki wuta, wani lokacin direban ma bai san hawa ba bai san sauka ba. Wannan ɗin ma kisan kai ne, kuma duk ranar da aka kashe wanda ba shi ba ne babu mai dawo da shi. Amma in ka ce wa mutane ku miƙa shi ga hukuma, amsar da za su ba ka ita ce a miƙa shi a yi me?

A watan Mayun 2023 majalisar tsaron jiha ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami, mutane suka yi ta murna tunda fashi da makami hukuncinsa kisa ne a dokar ƙasa. Sai dai sanarwar ba ta taɓa yaran da nake magana a kansu ba. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda Kano ta yi tata a 2019, cewa ta yi wanda bai cika 18 ba a lokacin da ya aikata laifin ba a yanke masa kisa, sai ɗaurin rai da rai ko wani wa'adi da kotu ta ga ya dace. Wa'adin da ya dace ɗin nan zai iya zama shekara 2, zai iya zama 30. Yara biyu su yi laifi iri ɗaya, wannan a kai shi kotu kaza ya fito kafin ya yi aure, wancan a kai shi wata ya tsufa a ciki. Ban ga laifin alƙalan ba, ba a ba su ma'auni ba ne.

Ita kanta maganar waye yaro a cukuɗe take. Final Kod, wato kundin dokar laifuka, da muka gada daga gwamnatin Arewa tun 1960 ta ce ɗan ƙasa da shekara 7 ba ya laifi, daga 7 zuwa 12 kuma sai an duba ko hankalinsa ya kai ya gane abin da ya yi. Tsohuwar dokar tafiyar da shari'a ta Arewa ta hana yanke wa ɗan ƙasa da 17 kisa. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ce yaro shi ne wanda bai kai 18 ba. Dokar laifuka ta shari'ar Musulunci da Kano ta yi a 2000 balaga take dubawa. Sai kuma dokar kare yara ta jiha da aka sa wa hannu a 2023, shekara 20 bayan ta tarayya. Kenan makomar yaro ɗaya ta dogara ne da ƙofar kotun da motar 'yan sanda ta tsaya.

Mun ga inda wannan ruɗani ya kai mu. A Katsina kotu ta yanke wa wata yarinya hukuncin kisa a 2012 kan zargin kashe mijinta tana shekara 13, sai da kotun ECOWAS ta ce a 2014 hukuncin ya keta haƙƙinta. A nan Kano a 2014 an tuhumi wata 'yar shekara 14 a yankin Gaya da zuba guba a abinci, mijin da aka aura mata da wasu mutum uku suka mutu, duniya ta yi caa, a 2015 gwamnati ta janye ƙarar. Ba ina cewa a rataye yarinyar ba, Allah ya kiyaye, ita ma akwai abin da aka yi mata. Amma rai huɗu suka tafi kuma babu kotun da ta zauna ta ce ga abin da ya faru, ga abin da ya hau kan wa. A Katsina an wuce gona da iri, a Kano an ajiye maganar an yi gaba, duk don doka ba ta da wani abu a tsakiya.

Sai matsalar gane shekarun su kansu. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajistar haihuwa, mu nan kuwa kowa ya san yawanci a gida ake haihuwa, a yi suna a raba goro shikenan. Takardar rantsuwar shekaru kuma ba ta wahalar samu. Don haka ƙato ɗan 23 mai mata zai iya dawowa ɗan 16 in ya samu lauya mai wayo, ɗan 15 marar gata ya zama ɗan 19. Kuma bari in faɗa da babbar murya, da yawan waɗanda muke kira yara a daba ba yara ba ne, manya ne sun haura 20, waɗannan ba su nake wa magana ba, doka ta hau su gaba ɗayanta. Abin da nake roƙo shi ne a wajabta tantance shekaru a sati biyun farko da kama mutum, kafin a fara komai, a duba rajistar firamare da ta Islamiyya da katin rigakafi, a kira mai unguwa, likita ya duba, alƙali ya rubuta matsaya. Hoton ƙashi ba ya faɗar ranar haihuwa, kimantawa yake, shi ya sa ba za a dogara da shi shi kaɗai ba.

Bari in zo kan addini, don na san da an ambaci 18 wani zai ce tsarin Turawa ake son shigo mana da shi. Duk wanda ya karanta littafin fiƙihu na Risala a zaure ya wuce babin jini da haddi ya san gangancin yaro hukuncinsa kamar kuskure ne, ba a yi masa ƙisasi, diyya ce take hawa kan danginsa na wajen uba. Tushen abin hadisin nan ne da ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har ya samu lafiya. Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya in ba a ga alamar balaga ba sai mutum ya cika 18 ake ɗaukarsa baligi. Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba, ɗan 16 da ya balaga mukallafi ne a fiƙihu, wato hukuncin shari'a ya hau kansa, in ya kashe da gangan ƙisasi ya hau kansa, in ma kisan gilla ne, ya yaudari mutum ya kashe shi don dukiyarsa, malamanmu sun ce ko iyalan mamaci ba su da ikon yafewa. To akwai 'yan shekarun nan daga 14 zuwa 17 da fiƙihu da dokar ƙasa ba su haɗu ba, kuma an daɗe ana kauce wa maganar, malamai suna tasu a mumbari lauyoyi suna tasu a otal wajen taron bita. Ku ne kuke da ikon zaunar da su ɗaki ɗaya a fito da matsaya a rubuce.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne muna ta ihun ƙisasi amma mun watsar da sauran abin da ke cikin babin. Diyya raƙumi 100 ce ko dinari 1,000 na zinare, dangi su haɗa su biya cikin shekara 3, in babu dangi baitulmali ya biya. Yau matar da aka kashe wa miji saboda wayar dubu sittin me take samu? Buhun shinkafa daga ɗan siyasar da ya zo gaisuwa da mai ɗaukar hoto. Sannan ko babban mutum ne ya yi kisan ganganci aka yafe masa, fiƙihunmu ya ce a yi masa bulala 100 a ɗaure shi shekara guda, wato yafiyar dangi ba ta share haƙƙin hukuma. Mu kuwa nan da an tara dattawa an matsa wa uban mamaci lamba, a ce ka bar wa Allah ai ƙaddara ce, shi kuma ga kunya ga tsoro ya ce na yafe, sai a rufe fayil. Ga kuma maganar Imam Malik a Muwaɗɗa, in babba da yaro suka haɗu suka kashe mutum da gangan, babban a kashe shi, yaron kuma rabin diyya. Ku riƙe wannan zan dawo kanta.

Masu cewa a yanke musu kisa kawai, ko da doka ta yarda ina ake zartarwa? Rabon da a ji an rataye wani a Najeriya tun ƙarshen 2016 a jihar Edo. Sama da mutum 3,000 ne suke zaman jiran a kashe su a gidajen yarin ƙasar nan, gwamnoni ba sa sa hannu, wasu a ƙarshe afuwa ce take fitar da su. Manyan da babu tantama a shekarunsu kenan, balle yaron da ƙungiyoyin duniya za su taso a kansa, a yi shekara 10 ana ɗaukaka ƙara. Iyalan mamaci ba su ga ƙisasi ba, ba su ga diyya ba. Ni a ganina ɗauri mai tsawo na gaskiya, wanda kowa ya san ranar farawa da ranar ƙarewa kuma babu mai iya buga waya ya rage shi, ya fi hukuncin kisan da yake ƙarewa a takarda.

To amma a ɗaure su a ina? Nan gizo ke saƙar. Gidan yarin Kurmawa tun 1910 aka gina shi kuma na manya ne. Gidan yara na Goron Dutse wurin ajiya ne na ɗan lokaci, ba a tsara shi don wanda zai yi shekara 12 ba, kuma bai kamata a haɗa yaron da ya gudu daga gida ko ya saci akuya da wanda ya yanka mutum ba. Makarantar gyaran hali ta Kiru ta fi karkata ga masu shaye shaye. Gidajen horon matasa na tarayya da aka daɗe da sani guda uku ne a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, Kakuri a Kaduna da Ilori da Abekuta, mafi kusa da mu shi ne na Kakuri kuma duk Arewa can ake kallo. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta hana ajiye yara tare da manya, ta kuma ce a samar da irin waɗannan gidaje na maza da na mata a jihohi, amma rubutu daban gini daban. Da can iyaye gidan mari suke kai kangararren yaro, a 2019 bayan abin da aka gano a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, mutane ɗaure da sarƙa, aka rufe gidajen marin har da na Kano. Rufewar daidai ce, azabtarwa ba tarbiyya ba ce, amma me aka ba iyayen a madadi? Kuma mun ga yadda tsare yara yake in babu tsari, ranar 1 ga Nuwamban 2024 da aka kai yaran zanga zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta babbar kotun tarayya a Abuja wasu suna faɗuwa don yunwa, da yawansu 'yan Kano ne.

A da kuna iya cewa gidan yari na gwamnatin tarayya ne ba ruwan jiha. Wannan uzuri ya ƙare tun watan Maris na 2023 da aka gyara tsarin mulki aka ba jihohi ikon gina nasu da tafiyar da su. Jihar da take gina gadar sama ba za ta kasa gina gida ɗaya mai katanga da ajujuwa da asibiti na yara ɗari biyu ko uku ba.

Ba mu kaɗai muka shiga wannan hali ba. A Indiya cikin waɗanda suka yi wa wata ɗaliba fyaɗe a motar bas a Delhi a 2012 har ta mutu akwai ɗan shekara 17, dokarsu ta lokacin ba ta yarda a tsare yaro fiye da shekara 3 ba, ya yi ukun ya fito a 2015, ƙasa ta ɗauki zafi, suka gyara doka aka ce ɗan 16 zuwa 18 da ya yi mummunan laifi wani kwamiti zai fara duba hankalinsa, in ta kama a yi masa shari'ar manya, amma duk da haka babu kisa. A Ingila yaron da ya yi kisan kai alƙali yana yanka masa mafi ƙarancin shekarun da dole ya yi, bayan nan ma ba a sakinsa sai an tabbatar ba shi da haɗari, in ya fito kuma ana sa masa ido har ya mutu. Amurka da take kashe manya har gobe kotun ƙolinta ta hana kashe 'yan ƙasa da 18 tun 2005, hujjarsu ita ce yaro bai gama mallakar kansa ba kuma abokai suna jan sa cikin sauƙi. Wannan kam ko ba kotun Amurka duk malamin da ya koyar a aji uku na sakandare ya sani. Ba ina cewa a kwafo nasu ba, misali ne na cewa ana iya tsanantawa ba tare da an rataye yaro ba.

Don haka roƙona ku yi doka ɗaya ta musamman a kan 'yan ƙasa da 18 da suka yi kisa ko fashi da makami ko fyaɗe ko suka nakasa mutum, ku sa ma'auni bisa shekaru. Ni da za a tambaye ni, ɗan 16 ko 17 da ya kashe da gangan kar ya yi ƙasa da shekara 15, ɗan 13 zuwa 15 ya yi tsakanin 8 da 12, wanda bai kai haka ba a tsare shi ƙarƙashin kulawar kotu har a ga abin da hali ya yi. Lambobin ba wahayi ba ne ku ƙara ko ku rage, muhimmin abu a samu ƙasan da babu mai sauka daga shi. A bambanta wanda ya soka wuƙar da wanda ya tsaya gadi a bakin lungu, a bambanta na farko da wanda wannan ne karo na uku. A ware alƙalan babbar kotu da za su gama irin wannan shari'a cikin wata 6, a kuma kare shaidu. Shekarun farko ya yi su a gidan yara, in ya kai 21 a dawo da shi gaban alƙali a duba, wanda ya nutsu ya ƙarasa a ɓangaren matasa, wanda ya ƙi a mayar da shi gidan manya. A cikin gidan kuma ba zaman kashe wando ba, a fara da raba shi da ƙwaya tunda mafi yawansu a buge suke yin abin, rafanol ne, egzol ne, sholisho ne, a kawo likitocin ƙwaƙwalwa daga asibitin Dawanau, ya yi karatun boko da na addini ya zana jarrabawa, ya koyi aikin hannu, abin da ya samu a cire wani kaso a kai wa marayun da ya bari. Jiha ta buɗe asusun diyya, dangin yaron su kawo abin da kotu ta ɗora musu, gwamnati ta cika. Kuma don Allah ku rubuta a fili cewa afuwar sallah ko ta ranar 'yancin kai ba ta shafi irin waɗannan ba sai an ji ta bakin iyalan mamaci. In ya fito kar ya koma layin da ya yi kisan na wasu shekaru.

Shirin tubabbun 'yan daba da rundunar 'yan sandan jiha ta yi a 2023 lokacin kwamishina Gumel ban ƙi shi ba, yaron da ya ajiye makami bai taɓa zubar da jini ba a karɓe shi hannu biyu. Amma wanda yake da jini a hannunsa tubansa tsakaninsa da Allah ne, haƙƙin mutane yana nan, kar a haɗa su layi ɗaya a ɗauki hoto.

Yanzu maganar Imam Malik da na ce ku riƙe. Yaro ɗan 15 ba shi yake shigo da ƙwaya Kano ba, ba shi yake ƙera ɗanbida ba, ba shi yake da shagon da ake kai wayar da aka ƙwata a goge ta a sayar kafin a yi jana'izar mai ita ba. Kuma, Allah ya huci zuciyarku, ba shi yake ɗaukar kansa a mota ya kai kansa wajen kamfen a ba shi dubu biyu da kwalin ƙwaya ba. Ba na ware jam'iyya, duk mun gani da idonmu a kowane zaɓe. Manyan daba sun gane doka tana sassauta wa yaro shi ya sa suke sa ƙananan a gaba su riƙe wuƙar, su kuma su tsaya daga nesa suna jiran kaso. In kuka tsananta wa yaron kaɗai kun bar mai aikensa to gobe zai aiko ƙaninsa. A rubuta a dokar da za ku yi cewa duk babban da ya ba yaro makami ko ƙwaya ko ya aike shi ko ya sayi abin da ya ƙwato, hukuncinsa ya fi na yaron nauyi, kuma duk mai muƙamin da aka samu ya sa baki a saki wanda ake tuhuma da kisa shi ma ya amsa tuhuma. Na san wannan sakin layin shi zai fi wahalar wucewa a zaurenku.

Kafin a kawo kasafin kuɗi na gaba ina roƙon kwamitinku na shari'a ya kira zaman jin ra'ayin jama'a a kan wannan, ba irin wanda ake gayyatar shugabannin ƙungiyoyi su karanta takarda a raba lemo ba. A kira iyayen da aka kashe wa 'ya'ya, a kira iyayen yaran da suke tsare, a kira ma'aikatan da suke kwana da su da masu unguwanni da majistarorin da fayil ɗin yake fara zuwa hannunsu. Kuma wasu daga cikinku su je Goron Dutse da Kurmawa da Kakuri ba tare da an sanar ba, su tambayi duk wanda suka ga fuskarsa ta yara shekararsa nawa, yaushe aka kawo shi, yaushe rabonsa da ganin alƙali.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku, wani malamin makaranta daga cikin birnin Kano.